Wuƙar Mahari a Bakin Murhuna

A Gozaki aka haife ni, aure ne ya kai ni wata 'yar unguwa a gabas da Ƙarfi, gidaje kaɗan a tsakiyar gonaki, babu ganuwa sai shingen ƙaya. Maigidana manomi ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko kaza zai yanka sai ya ɗan kawar da fuska. A shekarar da abin nan ya faru muna da 'ya'ya uku, ƙaramar tana goye.

A zamanin nan kowa yana aiki ne yana kasa kunne wajen daji. Jikokin waɗanda suka bar birnin Katsina tun lokacin jihadi sukan sauko daga arewa, galibi da kaka idan hatsi ya nuna, su kwashi mutane da dabbobi su koma. Tun muna 'yan mata aka koya mana abin yi: da an ji kururuwa, a ɗauki yaro, a bar tukunya a kan wuta.

Haka kuwa na yi. Da hantsi ne, ina sheƙar gero, na ji ihu daga bakin rafi. Na ja manyan biyu muka bi ayarin masu gudu har muka shiga ganuwar Ƙarfi. Maigida kuwa tun da sassafe ya tafi gonarmu ta nesa girbin dawa, shi kaɗai, babu wanda ya gan shi a hanya.

Da ƙura ta lafa muka koma, muka tarar da unguwa ta zama toka. Rumbuna sun ƙone, awaki babu ko ɗaya. Duk wani abu na ƙarfe sun tsince shi: fartanya, gatari, lauje, har 'yar wuƙar girkina da mahaifiyata ta sa mini cikin kayan aure. Maƙerin da ke yi wa yankin nan aiki ma an tafi da shi, shi da 'ya'yansa. Na zauna a inda ɗakina yake da, ina kallon duwatsun murhu, su kaɗai ne ba su gusa ba.

Har mutane sun fara yi mini magana a hankali, irin yadda ake yi wa wadda za ta shiga takaba, sai ga maigida ya ɓullo ta cikin karan dawa. Ƙasa ta bushe masa har gwiwar hannu, faratansa sun fashe. Magirbinsa babu. Abin da ke hannunsa wuƙa ce a cikin kube na jar fata, irin wadda mayaƙa ke ɗaurawa a damtse. Ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Alhamdu lillahi." Da muka kafa bukar kara, ya soke wuƙar a cikin rufi, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Kwanakin da suka biyo baya kala muke ci. A bayan ƙonannen rumbu na sami kabewa guda, wuta ta lashi gefenta amma cikinta lafiya. Na juya ta, na juya ta, ba ni da abin fasa ta sai dutse, dutse kuwa dagargaza ta zai yi a cikin toka. Yara suna zaune sun zuba mini ido. Sai na miƙe na zaro wuƙar nan.

Tsawonta ya kusa kamu ɗaya, mai kauri a tsakiya, ta tafi da tsini kamar ganyen rake. Wuƙata ta da, in zan fasa kabewa sai na ɗora tafin hannu a bayanta na danna da nauyin jikina. Wannan kuwa tsininta kawai na ɗora ta nutse, kamar an ja ta daga ciki. Sabo ya sa na kai tafin hannuna bayanta don in ƙarasa. Ashe ba ta da baya. Duka gefen biyu kaifi ne. Ban ma ji zafi ba sai da na ga jini yana bin jikin kabewar. Na ɗaure hannun da gefen zane, na yanke inda jinin ya taɓa na yar, na dafa sauran.

Da na ajiye wa maigida akushi, ya wanke hannu, ya buɗe, ya tsaya yana kallon yankan kabewar, ko'ina sumul.

Ya ce, "Da me kika yanka?"

Na ce, "Da wuƙar da ka zo da ita. Babu wata."

Ya mayar da murfin a hankali. Ya sake wanke hannun da bai taɓa komai ba, ya tashi ya fita.

Washegari da rana na same shi a gindin ɗorawar da ke bayan unguwa, na kai masa ruwa. Na durƙusa na ce, "Maigida, in laifi na yi a gaya mini." Ya ce ba laifina ba ne, in zauna. A nan ya ba ni labarin, idonsa a ƙasa, yana tsinke ciyawa yana yarwa.

Ya ce yana cikin girbi ya ji sukuwar dawakai, sai ya shige inda dawa ba ta faɗi ba ya tsuguna. Can sai ya ji kara yana motsi. Wani saurayi ne daga cikin maharan, a ƙasa yake, da igiya a hannu, da alama akuya ya biyo. Suka yi ido huɗu. Saurayin ya kai hannu damtse, shi kuma ya kai masa sara da magirbi, ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa.

"Bai mutu nan take ba," in ji shi. "Ni kuma ban iya tashi ba, don dawakai suna kewaya gonar. Muka zauna ni da shi a wuri ɗaya. 'Yan'uwansa suka zo har bakin kunyar dawar da muke ciki suna kiransa. Yana jin su, idonsa biyu, yana kallona. Da ya ɗaga murya sau ɗaya, da yau ba ni nan. Bai ɗaga ba."

Da suka yi nisa, saurayin ya tambaye shi wane gari ne nan kusa. Maigida ya ce Ƙarfi. Sai saurayin ya ce, "Maska fa, da nisa?" Harshensa na mutanen arewa ne, amma ya ce a Maska aka haife shi, yana ƙarami aka ɗauke shi a irin wannan harin, a can ya girma har aka ba shi wuƙa. Ya manta sunan ubansa. Abin da ya riƙe kawai, akwai tsamiya a ƙofar gidansu, kuma daga ɗakin uwarsa ana jin ƙarar masu bugun tufafi. Ya ce duk fitowar da suke yi yana tambayar sunayen garuruwa, bai taɓa kusantar nasu kamar wannan karon ba.

"Da kansa ya kwance ta ya turo mini," in ji maigida. "Bai ce in kai wa kowa ba. Turo ta kawai ya yi."

Da rai ya yi halinsa, maigida ya haƙa masa kabari a kusurwar gonar. Ƙotar magirbin ta karye, ya ƙarasa da hannu. Ya yi masa salla shi kaɗai, ba wanka, ba likkafani. Ya ce da ni, "Ban san ko ta karɓu ba."

Na so in bar wuƙar a inda take. Amma gidan da ke da yara ba ya zama ba abin yanka, ƙarfe kuwa a shekarar nan ya yi wuya a ko'ina, wanda ya tsira da guntun lauje ɓoye shi yake yi. Maigida bai hana ni ba. Ya ce in ciyar da yara, shi dai a bar shi.

Na aika a tambayar mini limamin Ƙarfi. Ya ce ƙarfe ne, in an wanke shi ya tsarkaka, kuma a iya abin da aka faɗa masa ma ba a kashe kowa da ita a gabanmu ba. Wannan "a gabanmu" ɗin ita ta tsaya mini a rai. Akwai kuma wata Bamagujiya da muke haɗuwa a rafi, daga gidajen da ke gindin dutse, waɗanda ke bin al'adar kakanni. Ta kama hannuna ta dubi yankan, ta ce, "Ta ɗanɗana ki, yanzu ta san gidan da take. Ki yanka mata jan zakara ta kwanta." Na ce mu ba ma yin haka. Ta ce to, aƙalla in dakushe mata kaifin gefe guda, don abin da ke ci ta gaba da baya ba na madafa ba ne.

Wannan shawarar na ɗauka. Akwai wani fa a bayan gari inda muke shanya tsaba. Kullum in na je sai in zauna in goga gefe ɗaya a kan dutsen, ina ɗiga ruwa, har ya dakushe yadda zan iya ɗora yatsa a kai. Ƙarfen yana da taurin kai, ya ci mini lokaci mai tsawo. Ko bayan haka ba ta zama wuƙar girki sosai ba. A wajen nama babu kamarta, tana raba gaɓa ba a sha wuya ba, tsininta kuma yana da daɗin ƙwaƙule cikin kabewa. Amma kuɓewa, da muke riƙewa a hannu muna yankawa zuwa babban yatsa, kaurinta fasa ta yake yi, yauƙi ya bi hannu. Albasa ma ba ta fita siriri. Ga nauyi. Kafin in gama kayan miya wuyan hannuna ya gaji.

A wajen gugar nan na lura da ƙotarta. Itace ne baƙi, ya yi santsi, akwai inda babban yatsa ya ci ya yi ɗan lotsawa. Duk yadda na riƙe ta, yatsana ba ya faɗawa wurin. Wata rana hannun dama ya gaji na mayar da ita hagu, sai ta zauna daram. Na sake ta ta faɗi a kan dutse. Da na tambayi maigida, ya yi tunani ya ce, "I, a damtsen dama take. Da hagu ya kai hannu." Madaurin kuben kuwa na taɓa zura hannuna ciki, ya kama ni daidai. Damtsensa bai fi nawa ba.

Tun daga nan tukunyar miya biyu nake ɗorawa. Ta yara da duk abin da aka samu, ta maigida kuka da daddawa, abin da wuƙa ba ta taɓawa. In ganye ne da hannu nake tsinka masa. Da Babbar Salla ta zo aka kawo mana nama daga gidan ƙanensa, bai ci ba, don ya san da abin da zan yayyanka shi. Ya rame. Da damina ta sauka ya nome gonar duka ya bar kusurwar nan, dawa ta fito a wurin da kanta, gyauro, ta fi ta ko'ina tsawo. Bai girbe ta ba, tsuntsaye suka cinye.

Ni ban taɓa ganin komai ba, ba kuwa zan faɗi abin da ban gani ba. Amma da la'asar, in na zauna yankan kayan miya, nakan ji kamar akwai mutum tsaye a bayan kafaɗata ta hagu, irin tsayuwar samari in sun dawo gona da yunwa suna jiran a sauke tukunya. Ba tsoro yake ba ni ba. Sauri yake sa ni. In na waiwaya, ba kowa sai danga. Na kuma lura hannuna ya fara ƙara gari a tukunya ba da niyya ba, kullum sai malmala ɗaya ta yi saura. Nakan ba da ita sadaka.

Da aka gama kaka ta biyu, maigida ya ce shi kam Maska zai tafi. Na ce tare za mu, don shi namiji ba zai shiga cikin gidaje ba, kuma uwa ake nema. Muka bar yara a Gozaki wajen iyayena, muka bi fatake. Wuƙar tana cikin ƙwarya a kaina, na rufe da faifai.

Tun kafin mu shiga garin na fara jin bugun. Maska garin masaƙa ne da marina, masu bugu suna zaune a rumfuna suna dukan baƙaƙen tufafi a kan gungume, sautin yana kaiwa kowane lungu. Tsamiya kuwa, kusan kowace ƙofa da tata. Na dubi maigida, na ga shi ma ya gane.

Mai unguwar da muka sauka wajensa ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce, "Bawan Allah, gidajen da aka ɗauki yaro a garin nan sun fi waɗanda ba a ɗauka ba." Duk da haka ya haɗa ni da matarsa, ta riƙa shiga da ni gida gida. A ko'ina mata sukan taru, in buɗe faifai, wuƙar ta zaga hannu hannu. Ba wadda za ta gane ta, ai a can arewa aka ƙera ta, amma kowace sai ta riƙe, wasu su shinshina kuben. Sai tambaya: fari ne ko baƙi, yana da wushirya, yaya tsagar fuskarsa. In fita zaure in tambayi maigida in dawo. Shi saurayi mai gemu ya gani, cikin jini da ƙasa. Su kuma yara suke tunawa, masu tumbi, ba wando.

Ba wadda ta zage ni. Da ma an zage ni, da ya fi mini sauƙi. Wani dattijo ne kaɗai ya tare maigida a bakin masallaci ya ce, "Da ka yi zamanka a garinku. Kafin ka zo, kowa a nan nasa yana raye."

A wani gida da ya zube rabi muka sami wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ita kaɗai, mijinta ya rasu, sauran 'ya'yanta ma haka. Da na ce mai wuƙar bahago ne, ta ce, "Nawa bahago ne. Na sha bugun hannun nan a kan akushi bai daina ba." Matar mai unguwa ta taɓa ni ta raɗa mini cewa kada in ɗauka da ƙarfi, ko wane baƙo ya zo da labarin bawa ko gawa, tsohuwar nan sai ta ce nata ne.

Ranar da za mu koma, a ƙofar gari muka sami tsohuwar nan zaune a kan ƙunshin kayanta. Ta dubi maigida ta ce, "Kai ne?" Ya ce shi ne. Ta ce, "To, kai ni inda yake."

Haka tsohuwar ta zama 'yar gidanmu. Inna muke ce mata, mu da yaran duka. Da muka iso, maigida ya kai ta kusurwar gonar. Ta zauna a ƙasa, ta tsince ciyawar da ke wurin da hannu, ta daɗe, sannan ta ce a koma gida, rana ta yi, yara ba su ci ba.

Kafin wannan lokacin wani maƙeri ya zo ya zauna a Ƙarfi, har maigida ya samo mini 'yar wuƙar girki, marar nauyi, mai baya. Na yi murna da ita. Amma Inna ta karɓe yankan kayan miya daga hannuna, kuma ba ta taɓa sabuwar. Da waccan take yi. Takan zauna a kan 'yar kujera, ta baje faifai a cinya, ta yi ta fama da kuɓewa da tsofaffin hannuwanta. Kowa a duniya "ita" yake ce wa wuƙa. Inna "shi" take cewa. "Miƙo mini shi, ɗiyata." "Kin wanke shi?" In wuƙar ta kusa yanke mata yatsa sai ta ce, "Kai, a hankali mana, haka kake tun kana ƙarami." Yara suna dariya da farko, daga baya suka daina. Ni kuwa tun da ta karɓi aikin, na daina jin tsayuwar nan a bayana. In na dube ta tana yanka, nakan ga tana ɗan matsawa gefe a kan kujerar, kamar mai ba wani wuri.

Ta ga ina ɗora tukunya biyu, ta tambaya, na gaya mata. Ran nan ta yi miyar kuɓewa ɗanya da kanta, ta zuba, ta ɗauki akushin ta kai masa har inda yake zaune. Ina daga bakin murhu ina kallo.

Ta ce, "Ci."

Ya ce, "Inna, ki yi mini afuwa."

Ta ce, "Shi ya yanka, ni na dafa. Wa za ka ƙi a cikinmu?"

Ta zauna a gabansa ta naɗe hannu. Ya daɗe yana kallon akushin. Sannan ya yi bisimilla ya sa hannu. Gumi yana zubo masa kamar mai huɗa, yana haɗiya da ƙyar, amma bai tsaya ba har ya suɗe. Ta ɗauki akushin ta ce, "Gishiri ya yi?" Ya ce ya yi. Daga ranar tukunya ɗaya nake ɗorawa.

Abin da Inna take so a wurinsa shi ne labarin. In ya dawo gona ya huta, sai ta ce, "Zo ka gaya mini." Ya faɗa tun daga sukuwar dawakai har zuwa kabari. Ba ta kuka. Tana gyara masa ne. "Akwai tabon ƙuna a ƙaurinsa na dama, ya faɗa murhu yana rarrafe. Ba ka gani ba?" Ya ce bai lura ba. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, ya ce wataƙila. "Kunnensa ɗaya ya ɗan lanƙwashe." "In zai yi magana yakan lashi leɓe." A hankali a hankali waɗannan abubuwa suka shiga cikin labarin. Wata rana na ji shi da bakinsa yana cewa, da ya ja shi zuwa ramin, wandonsa ya zame, ya ga tabon ƙuna a ƙaurinsa.

Da muka keɓe na ce, "Maigida, da gaske ka ga tabon nan? A gindin ɗorawa ba ka faɗa mini ba."

Ya ce, "Wallahi yanzu ban sani ba. In na rufe ido ina ganinsa."

Damina uku Inna ta yi tare da mu. Ta yaye mini ƙaramar, ta koya wa babbar kaɗi. A ta ukun zazzaɓi ya kama ta, ta kwanta ba ta tashi ba. Ta roƙi a binne ta kusa da saurayin a kusurwar gonar, aka yi mata yadda ta so. Ni na yi mata wanka, ba ta fi nauyin yarinya ba. Bayan rasuwarta na wanke wuƙar na ci gaba da aiki da ita, don hannuna ya riga ya saba, sabuwar kuma babbar ɗiyata ta ɗauke.

Da rani ya zagayo, wata rana da azahar aka yi sallama. Mace ce, ba ta kai tsufa ba, ta biyo fataken da ke kawo baƙin zane daga Maska. Ta ce lokacin da muka je garinsu tana aure a wani gari, sai da ta dawo ta ji labarinmu. An ɗauki ƙanenta yana ƙarami, a hannunta aka fizge shi, suna dawowa daga rijiya. Tun ranar ba ta yi barci mai daɗi ba.

Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa. Maigida ya zauna daga nesa kaɗan ya fara. Ya faɗi dawakai, ya faɗi igiya, ya faɗi yadda aka yi ta kiran saurayin bai amsa ba. Matar ta toshe baki da gefen mayafi. Ya faɗi lasar leɓe, ya faɗi kunne. Da ya zo kan tabon ƙuna, sai ta ɗago kai.

Ta ce, "A ƙauri? Babba?"

Ya ce, "Kamar tafin hannun yaro."

Ta sauke numfashi mai tsawo. Ta ce, "Ba shi ba ne. Ni na goye shi, ni nake yi masa wanka. Ƙafafunsa babu ko ƙwarzane." Ta ɗaga hannu sama ta yi ta godiya ga Allah, hawaye na zuba, tana dariya. Ta ce, "Ashe yana nan. Yana can wani wuri, wataƙila har da iyali."

Na dubi maigida, ya dube ni. Na ga leɓensa ya motsa. Na jira. Matar tana share fuska, tana ba mu haƙuri wai ta tayar mana da tsohon ciwo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sada ku." Na ce amin.

A gidanmu ta kwana. Na yi mata tuwon dawa da miyar kabewa da yakuwa, ta ci sosai, ta ce rabon da abinci ya yi mata daɗi haka har ta manta. Ba ta nemi ganin wuƙar ba, tunda ba ta ƙanenta ba ce.

Da safe na raka ta har inda fataken suke ɗaure wa jakuna kaya. Hanyarsu ta gefen gonarmu ta nesa take bi, dab da kusurwar nan. Na tsaya a kan fa ina hangen su. Ta wuce wurin tana hira da wata mata, kayanta a ka, har kurmi ya rufe su. Da na dawo gida na tarar maigida ya ɗauki fartanya zai fita, alhali rani ne, babu aikin da ake yi a gona. Ban tambaye shi ba. Sai bayan la'asar ya dawo.